Ba Intanet Ake Nufi da "Onlayin" a Nan Ba

Ɗaliban kwamfuta da yawa a Kano in sun ji an ce tsarin lissafi na "onlayin", sai su ɗauka wanda ke aiki da intanet ne. Ba haka ba ne. Tsari ne mai yanke shawara nan take, bai san buƙatar da ke tafe ba, kamar ɗan adaidaita sahu a Kabuga: ya tashi da fasinja biyu, ko ya jira na uku?

Ɗauki haɗe layukan bidiyo, wato a mayar da masu kallon fim ɗaya kan layin turawa ɗaya don a rage cin data. Wani ya fara kallo, bayan minti 2 wani ya buɗe fim ɗin. Ana tura wa na biyun farkon da ya wuce shi, wayarsa kuma tana ajiye abin da ake tura wa na farko. Minti 2 na cika, a rufe layinsa, sun haɗe. Wahalar ita ce in masu kallo sun yi yawa, wa za a haɗa da wa?

Masana kwamfuta Sleator da Tarjan, a 1985, suka kafa ma'aunin ingancin irin wannan tsari. A misalin bidiyo, shi ne a gwada data ɗin da tsarin ya ci da na wanda ya san lokacin zuwan kowa tun farko, a mafi munin yanayi.