Littafin hotuna da aikin hannu a ajin firamare lokacin bukukuwa

Duk malamin firamare a Garwa, Marwa ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, ya san halin da aji ke shiga idan biki ya matso. Wannan hankalinsa na wurin tela, wancan na wurin atisayen fareti, malam kuwa shi kaɗai yake magana da allo. Ga amsoshin tambayoyin da malamai da iyaye suka saba yi kan yadda za a mai da wannan zumuɗi ya zama karatu.

Waɗanne bukukuwa ne za a shigo da su aji?

Waɗanda yaran ke gani da idonsu. Akwai Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, akwai Kirsimeti, sai kuma bukukuwan ƙasa biyu da 'yan makaranta ke fita fareti: ranar matasa, 11 ga Fabrairu, da ranar haɗin kan ƙasa, 20 ga Mayu. Na ƙasa da Kirsimeti ba sa motsi, tun a Satumba malam zai iya sa su a tsarinsa. Sallah ce ke buƙatar lura, domin kowace shekara takan ja baya da kusan kwana 11. A 2025 Ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, Babba kuma a farkon Yuni, daidai lokacin da makarantu ke haramar jarrabawa da dogon hutu. Saboda haka a duba kalanda da wuri.

Me ya sa sai an haɗa da littafi? Ba sai a raba musu takarda su yi ta yanke-yankensu ba?

Nan ne yawancin malamai ke yin tuntuɓe. Aikin hannun da bai fito daga labari ba, ado ne kawai: yaro ya liƙa auduga a kwali, ya kai gida, an ce masa sannu da aiki, shi ke nan. Amma idan an fara karanta musu labarin yaron da aka ba shi kiwon ragon layya, igiya ta tsinke ana jajibirin Sallah, ya bi unguwa-unguwa yana cigiya, to ragon da yaro zai yi da hannunsa ya zama na cikin labarin. Sai ka ce masa ya ɗaga ragonsa ya faɗa wa aji inda ya ɓata da wanda ya tsince shi. Yaron da ba ya buɗe baki a aji, idan ka sa masa abu a hannu, za ka sha mamaki.

Tsarin da nake ganin ya fi aiki shi ne a karanta littafin sau biyu. Karon farko ba a karanta komai, hotuna kawai ake buɗewa, ana tambaya: wa kuka gani, ina za shi, me kuke tsammani zai faru a shafi na gaba? Karo na biyu a karanta rubutun. Aikin hannu ya biyo baya, sannan a rufe da magana ko rubutu: 'yan SIL da CP (aji ɗaya da biyu) su kwafi kalma ɗaya a jikin abin da suka yi, 'yan CE (aji uku da huɗu) su rubuta jimla biyu ko uku, 'yan CM (aji biyar da shida, wato CM1 da CM2) su sake wa labarin ƙarshe. In aka tsallake wannan mataki na ƙarshe, an yi wasa ne, ba a yi darasi ba.

Ko littafin karatu bai ishe mu ba, ina za mu samo na hotuna?

A yi shi a aji. Littattafan biki da ake kawowa daga Turai ma ba duka ne ke da amfani a nan ba, domin yaron Kusseri da ke fama da zafin Afrilu ba shi da abin da zai ce game da dusar ƙanƙara. A samo kwali babba, a yanka shi shafi takwas, a huda gefe a ɗaure da zare. Malam ya ba da tatsuniya ko labarin biki, yara su raba shi gida takwas, kowane rukuni ya zana shafi guda, malam ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa da manyan baƙaƙe yadda na bencin baya zai hango. Labari ba ya wuya: Gizo ya je yawon Sallah ya ci tuwon gida bakwai, ko yarinyar da ta hau kafaɗar wanta don ta ga hawan Lamiɗo. Littafin da yara suka zana da kansu ba sa yarda a yaga shi, kuma 'yan ajin baɗi za su gaje shi.

Da wane harshe za a karanta?

Rubutun da Faransanci ko Turanci, gwargwadon makarantar, tunda da su ake jarrabawa. Amma hirar hotuna a bar yaro ya fara da Hausa ko Fulatanci ko harshen gidansu, sannan malam ya ba shi kalmar da ake nema. Wanda ya fahimci labari a harshensa ya fi saurin riƙe baƙuwar kalma.

Kayan aikin fa? Iyaye ba za su iya sayen fenti da gam ba.

Ba sai sun saya ba. Karan dawa yana nan birjik bayan girbi, kuma yaranmu sun riga malam iya sarrafa shi, su da ke ƙera motar kara tun kafin su shiga aji. Auduga kuwa, a yankin da kamfanin auduga na SODECOTON ke saye, ɗan abin da ya zube a gefen gona ya isa aji guda. Ƙaro idan aka jiƙa shi ya kwana, gam ne mai kyau, haka ma garin rogo da aka dama a wuta. Launi: zoɓo ya ba da ja, kurkur ya ba da rawaya, gawayi baƙi, shuɗin wanki kuma shuɗi. Sai ƙyallayen da tela ke zubarwa, waɗanda a makon Sallah har roƙonka zai yi ka kwashe. A Marwa, garin majema da dukawa, guntayen fata ma ba sa wuyar samu. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne reza a hannun yaro. Duk yankan da almakashi ba zai yi ba, malam ya yi shi tun a gida.

Wane aiki ne ya dace da wane biki?

Ga azumi da Ƙaramar Sallah, jinjirin wata na kwali da katin barka da Sallah da za a kai wa kaka, ko zanen lalle a kan tafin hannun da yaro ya zagaye da fensir. Ga Babbar Sallah, ragon auduga mai ƙafafun kara, da dokin kara mai ado da ƙyalle, a yi ɗan hawa a filin makaranta. Kirsimeti kuma tauraro da sarƙar takarda ta ƙawata aji.

Bukukuwan ƙasa su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, a raba tuta a fita fareti ba tare da yaro ya san dalili ba. Alhali tutar kanta darasi ce. Yayin da suke liƙa kore, ja da rawaya, da tauraro ɗaya a tsakiya, a gaya musu cewa ranar 20 ga Mayu 1972 aka yi ƙuri'ar da ta mai da tarayyar Kamaru dunƙulalliyar ƙasa, a zamanin Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, kuma a 1975 tutar ta koma mai tauraro ɗaya maimakon biyu. 'Yan CM za su iya zana tutocin biyu su jera su.

Ajina akwai Musulmi da Kirista. Ba za a sami ƙorafi ba?

Za a samu idan malam ya mai da darasin wa'azi. A tsaya kan abin da ake yi ranar biki: me ake dafawa, wa ake ziyarta, me ake kai wa maƙwabta. Yaro ya ba da labarin bikin gidansu, sauran su yi tambaya. Kada a zana wani annabi, kada kuma a sa yaro ya furta addu'ar da ba ta addininsa ba. Akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai, to irin wannan yaro a ba shi zanen zayyana irin ta bakin allo ko ta jikin ƙwarya, ko ya zana hula da tabarma. Kafin a fara, malam ya sanar da daraktan makaranta da shugaban ƙungiyar iyaye.

Yara tamanin a aji ɗaya, ta yaya?

Rukuni-rukuni, goma-goma, kowane rukuni da babba ɗaya mai riƙe almakashi da kwanon gam. Abu ɗaya babba na rukuni ya fi ƙanana tamanin da malam ba zai iya dubawa ba. In da hali, a roƙi malamin CM1 ya aro yara takwas su zauna da ƙanana. 'Yan CM2 kuwa a ƙyale su daga watan Afrilu, CEP, jarrabawar kammala firamare, na gabansu.