Sola mai bututun gilashi: me ya bambanta shi, kuma zai yi wa gida amfani?

Duk wanda ya saba ganin allon sola shimfiɗaɗɗe kamar faifan tebur, idan ya ci karo da hoton wanda aka yi da jerin bututan gilashi baƙaƙe, sai ya tsaya ya sake kallo. Kamfanin da ya yi fice da irin wannan shi ne Solyndra na Amurka. Ya mutu tuni, amma kayansa na gwanjo har yanzu suna yawo a hannun masu son gwaje-gwaje.

Shin wannan ne bututan da ake gani a saman rufin otal-otal da tanki a kansu?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Mai tanki a sama na dafa ruwan wanka ne, zafin rana kawai yake tarawa, ko fitila ɗaya ba zai kunna maka ba. Wanda muke magana a kai wutar lantarki yake bayarwa, wayoyi ne suke fita daga jikinsa. Idan mai sayarwa ya nuna maka bututu ya ce sola ne, fara neman inda waya take.

To yaya aka ƙera shi?

Kowane allo yana da bututu 40 a jere, da ɗan rata a tsakaninsu, kamar tsani kwance. Tsawon allon ya kai kimanin mita 1.8, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, nauyinsa kuma wajen kilo 31. Kowane bututu biyu ne a haƙiƙa: akwai na ciki wanda aka lulluɓe da siririn sinadarin da ke mayar da haske wuta, sai na waje na gilashi da ke kare shi. Tsakaninsu an cika da wani mai garai-garai da ke taimakawa haske ya isa ciki. Sinadarin shi ake kira CIGS, haɗin jan ƙarfe ne da indiyom da galiyom da seleniyom, ba irin silikon ɗin da ke allunan da muka sani ba.

Hikimar ita ce abu mai zagaye ba shi da gaba ba shi da baya. Idan aka kwantar da bututan tsayinsu na kallon kudu da arewa, rana tana fitowa gabas ta sami gefe ɗaya, tsakar rana ta sami sama, la'asar ta sami ɗaya gefen. Hasken da ya zube ta cikin ratar kuma ya bugi rufi ya dawo, ƙarƙashin bututun ya sha. Iska ma ta ratar take wucewa, shi ya sa ba a huda rufi a ɗaure shi da ƙusa, ajiye shi ake yi kan ƙafafu nauyinsa ya riƙe shi.

In har dabarar tana da kyau haka, me ya kashe kamfanin?

Kasuwa ce ta juya masa baya. An kafa Solyndra a 2005 a jihar Kalifoniya, masana'antarsa a garin Fremont. A lokacin silikon na tsada ƙwarai, a 2008 kilo ɗaya ya haura dala 400, don haka duk wanda ya iya yin sola ba da shi ba ya ga hanyar arziki. A 2009 gwamnatin Amurka ta tsaya masa ya ci bashin dala miliyan 535, Shugaba Obama da kansa ya ziyarci masana'antar a watan Mayun 2010. Sai farashin silikon ya rikito, masana'antun Sin suka cika duniya da allunan sola masu araha. Ƙera bututu kuwa aiki ne mai wuya da cin kuɗi, ba yadda za a yi ya sauko ya kamo su. A ƙarshen watan Agustan 2011 kamfanin ya rufe, ma'aikata kusan 1,100 suka rasa aiki, a Satumba ya shigar da takardar karyewa. Wasu daga cikin bututan da suka rage har ado aka yi da su a lambun tsirrai na jami'ar Berkeley.

Abin da wannan yake nufi ga mai saye a yau: babu garanti, babu wanda za ka kai wa ƙara, babu sabon bututu idan ɗaya ya fashe.

Na samu na gwanjo. Yaya zan gwada shi kafin in biya?

Fara da ido. Bi bututan ɗaya bayan ɗaya, ka shafa ƙarshensu inda suka shiga firam. Idan yatsanka ya fito da santsin mai, ko ka ga ƙura ta manne ta yi baƙi a wuri guda, wannan bututun ya tsage, man ya fara zuba. Danshi kuma babban maƙiyin CIGS ne, da zarar ya shiga sai a hankali.

Sannan ka fitar da shi rana. Kada ka yanke hukunci a minti biyar na farko, domin irin wannan sinadari idan ya daɗe a ajiye cikin duhu yakan buƙaci ya sha rana na wasu sa'o'i kafin ya dawo hayyacinsa. Da tsakar rana, sama ba gajimare, sa mitarka ta gwajin wuta a ma'aunin DC na bolt 200 ka taɓa wayoyin biyu. Nau'in mai wat 182 ya kamata ya nuna abin da ya kusa bolt 96. In ya yi zafi zai ɗan sauka, wannan ba laifi ba ne. Ka lura da wannan adadi, ba wasa ba ne, kada ka riƙe bakin waya da hannu.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci, shi ne na amfiya. Rufe allon da bargo, mayar da mitar ramin amfiya 10, haɗa wayoyin, sannan ka yaye bargon. Lafiyayye zai ba ka wajen amfiya 2.7. Kafin ka cire wayar ka sake rufewa, don kada ta yi tartsatsi. Dalilin da ya sa na ce wannan ya fi muhimmanci: bututan kafaɗa da kafaɗa aka haɗa su, kowanne yana ba da cikakken bolt shi kaɗai. Ko goma sun mutu, mita za ta ci gaba da nuna maka bolt mai kyau, a amfiya ne asirin zai tonu. Bututu ɗaya kashi ɗaya ne cikin arba'in, kimanin wat huɗu da rabi, da haka za ka iya lissafa nawa suka tafi.

In kana son ganin dabarar da idonka, auna amfiya allon na kan ƙasa, sannan ka shimfiɗa farin zani a ƙarƙashinsa ka sake aunawa. Lambar za ta hau.

Zan iya haɗa shi da kwantrolar caji da nake da ita?

Idan ƙaramar nan ce ta PWM mai araha, a'a. Da farko, yawancinsu ba a yi su don ɗaukar bolt kusan 100 ba, za ta iya ƙonewa. Ko da ta jure, irinta janyo allon take yi ya sauko daidai bolt ɗin batir. Allon yana ba da ƙarfinsa ne a wajen bolt 74 da amfiya biyu da rabi. Idan aka danne shi zuwa bolt 28 na batir mai 24, abin da zai shigo bai wuce wat 75 ba daga cikin 182. A batir mai 12 kuwa rabin haka. Dole sai kwantrola irin ta MPPT, ita ce ke karɓar babban bolt ta mayar da shi amfiya. A nan ma ka duba iyakarta: mai bolt 100 ta yi kusa da bakin rami, musamman da sanyin safiyar hunturu lokacin da bolt ke hawa. Nemi mai 150, ka haɗa allunan kafaɗa da kafaɗa, kada ka jera su ɗaya bayan ɗaya sai ka tabbatar inbatarka na ɗaukar jimillar.

Zai dace da rufinmu?

An ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗen rufin manyan shaguna da rumbunan ajiya na Amurka, wanda aka lulluɓe da farar shimfiɗa, kuma wat ɗin da aka rubuta a jikinsa ya haɗa da hasken da farin rufi ke mayarwa. Kwano mai gangare, balle wanda ya yi tsatsa, ya cinye rabin hikimar. Mai shimfiɗaɗɗen rufin siminti zai iya shafa farin fenti, sai dai ƙurar hunturu za ta mayar da shi ruwan ƙasa cikin 'yan makonni, sharar kuma ta zama biyu: a goge bututu arba'in, a wanke ƙarƙashinsu. Abu ɗaya da ke gefensa shi ne a wuri kamar Kano ko Maraɗi rana kusan tsakar ka take bi, kwantar da allo a shimfiɗe ba ya jawo asara sosai.

A taƙaice, in saya ko in bari?

Yi lissafin fili. Allon Solyndra yana cin kusan murabba'in mita biyu ya ba da wat 182, wato kimanin kashi 9 cikin ɗari na hasken da ya sauka a wurin. Sabon allon silikon mai wat 550 yana cin wajen murabba'in mita biyu da rabi, yana cin gajiyar fiye da kashi 20. Sai ka tara na bututu uku kafin ka kamo shi, ga nauyin kilo 90 da ɗoriya, ga shekaru fiye da goma da suka riga suka yi. Ni dai idan don firji da fanka da fitilun gida ne, ba zan kai kuɗina can ba. Amma wanda ya samu kusan kyauta, yana da MPPT a ajiye da shimfiɗaɗɗen rufi, ya auna amfiya ta fito daidai, to ya ɗora abinsa. Ya dai ɗauke shi da mutum biyu, ta firam, kada kowa ya riƙe bututu.