Waiwaye: Soledar, Garin da Gishiri Ya Gina

Sunan Soledar na nufin "kyautar gishiri". Ƙaramin gari ne a jihar Donetsk da ke gabashin Yukiren, arewa maso gabas da Bakhmut. Ƙidayar 2001 ta samu mutum dubu 13 da 'yan kai a cikinsa, a farkon 2022 kuma ba su fi dubu 10 da ɗari biyar ba. Amma kafin Rasha ta ƙaddamar da babban yaƙi a kan Yukiren a 2022, daga ƙarƙashin ƙafafunsu ake haƙo fiye da kashi 90 cikin ɗari na gishirin da ƙasar duka ke ci.

Asalin wurin ƙauye ne mai suna Bryantsibka. A da, mutanen yankin Bakhmut dafa ruwan zartsi suke yi a manyan tukwane har ya ƙafe, fatake su yi lodin gishirin a amalanken shanu, aikin da ke cin itace ba kaɗan ba. A 1881 aka buɗe ramin farko na haƙar gishirin dutse, wanda tsohon teku ya bari da ya ƙafe shekaru sama da miliyan 250 da suka wuce. A 1965 gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta haɗe unguwannin mahaƙa ta mayar da su gari ɗaya da sunan ɗan gurguzun Jamus, Karl Liebknecht. Sai a 1991 aka raɗa masa Soledar.

Kamfanin gwamnati Artemsil, wanda aka kafa a 1976, shi ne uwa shi ne uba a garin kafin yaƙin. Ramukansa sun kai zurfin mita 300, hanyoyin cikinsu sun haura kilomita 200. Yadda ake haƙar: injina su yanke gishiri su buɗe zaure, su bar ginshiƙan gishirin a tsaye don su riƙe rufin, sannan a fito da abin da aka yanka a niƙa, a tankaɗe, a zuba a buhu. Wasu zaurukan tsayinsu ya kai mita 30. Ciki busasshe ne, sanyinsa ba ya sauyawa rani da damina. Shi ya sa aka yi wurin jinyar masu asma a can ƙasa, da coci, da gidan tarihi, har ma an buga ƙwallo a ciki. Kafin yaƙi ana fitar da kusan tan miliyan 2 a shekara. Bayan gishiri, sai masana'antar Knauf ta Jamusawa, mai yin filasta da allunan gini.

Babban makashin irin wannan rami shi ne ruwa. Hausawa na cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Da zarar ruwan daɗi ya samu kafa, ginshiƙan za su narke daga gindi, rufin ya rufta, ƙasar da ke sama ta bi shi. Haka ta faru a Solotbino da ke yammacin ƙasar, inda ruwa ya cinye ramuka aka daina haƙa kusan 2010. Tun daga nan kusan duk nauyin ya koma kan Soledar, kuma wannan babban ganganci ne: ƙasa mai mutum sama da miliyan 40 ta rataya gishirinta a wuyan gari ɗaya da ke dab da fagen dagar da aka buɗe tun 2014 tsakanin Yukiren da 'yan awaren da Rasha ke mara wa baya.

A Janairun 2015 Rasha, wadda babbar kasuwa ce ga Artemsil, ta hana shigar da gishirinsa. A Afrilun 2022 ruwan bama-bamai ya tsayar da aiki ɗungurungum. Cikin 'yan makonni gishiri ya yi ɓatan dabo a kantuna, farashi ya ninka, aka koma sayowa daga Foland, Romaniya da Turkiyya. Sojojin hayar Rasha na kamfanin Wagner ne suka ja gaba wajen kai farmaki, Rasha ta yi shelar kama garin ranar 13 ga Janairun 2023, Yukiren ta tabbatar da janyewarta ranar 25. A kwanakin nan gwamnan jihar, Pavlo Kyrylenko, ya ce farar hula 559 suka rage, 15 daga cikinsu yara ne. Ragowar gishirin da aka samu fitarwa, an ƙunsa shi a fakiti dubu 100 aka sayar a Fabrairun 2023, kuɗin kuma aka zuba wajen sayen jirage marasa matuƙi.