Ku daina kulle yaran nan a ɗaki

Makon jiya wata mata ta kawo ɗanta asibitinmu na sha-ka-tafi saboda zazzaɓi. Yaron bai wuce shekara 6 ba. Ina ɗaga wandonsa na ga shatin igiya ya zagaye idon sawunsa, har fatar ta yi kanta. Na dube ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, ya zan yi? Da na juya baya ya fice titi." Shi kuwa yana zaune a ƙasa yana jera marafan kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ko kallonmu bai yi ba. Da aka tada janareta sai ya toshe kunnuwa yana kaɗa jiki.

Ba shi ne na farko ba, kuma na gaji da ganin haka.

Larurar nan ita ce otizim, wasu kan ce galahanga. Da ita yaro yake tasowa. Magana takan yi masa jinkiri, a kira sunansa bai waiwayo ba, ba ya son ƙara da hayaniya, in aka sauya masa abin da ya saba sai ya birkice. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ba aljanu ba ne, ba sammun kishiya ba ne, ba laifin uwa ba ne. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Rahoton 1998 da ya yaɗa wannan zance an janye shi a 2010.

Amma ni kullen ne ya tsaya min a rai. Baƙi za su zo, a tura shi ɗaki a sa kwaɗo. Ana suna a gida, a kulle shi tun safe. Ranar Sallah 'yan uwansa sun ci ado sun fita, shi yana bayan ƙyaure yana bugawa da kai. Haba jama'a! Yaron da magana ke yi wa wuya, a wurin wa zai koye ta in bango kawai yake gani? Sai a dawo min ana cewa ya ƙara faɗa, yana cizo. Ke ma a ɗaure ki wuni guda mu gani.

Na san iyaye mata ba mugunta suke yi ba. Akwai gajiya, akwai tsoron mota da rijiya, akwai bakin dangin miji da ke cewa daga gidanku aka kwaso. Wata rabonta da cikakken barci ta manta. Allah Ya saka muku. Amma igiya da kwaɗo dai a'a.

Ku kuma maƙwabta, rabin kullen nan ku kuka jawo shi. In yaro ya yi ihu a gidan biki kuka bi uwarsa da ido, kuka janye 'ya'yanku kamar abin ana ɗauka, gobe ba za ta fito da shi ba. Ba a ɗauka. Me zai ragu a jikinki in kika riƙe mata shi awa 1 ta je kasuwa? Malam, kai ma uba ne. Ka riƙa fita da shi ƙofar gida da yamma, ka je masallaci da shi lokacin da babu cunkoso.

A taƙaice: a mayar da sakatar zaure sama inda hannunsa ba ya kai, a rufe rijiya da murfi mai nauyi, tsakar gida ta zama tasa. A ɗinka lambar wayar uba a rigarsa. A sanar da mai shago, mai shayi da 'yan acaɓan bakin layi, kowa ya san shi da sunansa. Abinci, wanka, barci, kullum a lokaci guda. Magana gajeriya, ana nuna abin da hannu. In ya birkice a kai shi inda babu ƙara a zauna tare da shi, ban da duka. A yi wa malamin makaranta bayani kafin a kai shi. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a 2019 tana bayanku.

Kuma a kawo shi a duba, har da gwajin ji, don wani kurumta ce ke damunsa. Mukan tura sashen yara na manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato.

Waccan matar na ce ta dawo bayan mako 2, tare da maigidan. Na faɗa mata ƙafar zan fara dubawa.