OSIRIS-REx da samfurin dutsen Bennu

OSIRIS-REx kumbo ne marar matuƙi na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, wanda aka aika ya ɗebo ƙura da tsakuwa daga Bennu ya kawo su duniya. Bennu ɗaya ne daga cikin duwatsun da ke kewaya rana kusa da hanyar duniya. An gano shi a 1999, faɗinsa kusan mita 500 ne, baƙi ne ƙirin saboda yawan sinadarin kabon, kuma yana juya kansa sau ɗaya cikin awa 4.3. Kamfanin Lockheed Martin ne ya ƙera kumbon, Dante Lauretta na Jami'ar Arizona kuma ya jagoranci binciken.

Duwatsun sama suna faɗowa duniya da kansu, amma da zarar sun ratsa iska sun kwana a ƙasa, laima da ƙwayoyin halitta sun riga sun gurɓata su. Abin da aka je nema shi ne samfurin da iskar duniya ba ta taɓa shafa ba, kuma kusan duk dabarun aikin a kan wannan suka ta'allaƙa.

Tafiya da ɗiba

An harba kumbon daga Cape Canaveral ranar 8 ga Satumba 2016, ya isa Bennu ranar 3 ga Disamba 2018. Masana sun zaci za su tarar da filaye masu laushin yashi, sai suka iske manyan duwatsu birjik. An tsara sauka a fili mai faɗin mita 50, amma wurin da aka zaɓa, wanda aka laƙaba wa suna Nightingale, bai wuce mita 16 ba. Dole aka koma ga wata manhaja da ke kwatanta hotunan da kyamara ke ɗauka lokacin sauka da taswirar da ke cikin kwamfutar kumbon. Ba halin a tuƙa shi daga duniya, domin saƙo na ɗaukar fiye da minti 18 kafin ya isa.

Ranar 20 ga Oktoba 2020 kumbon ya miƙa hannunsa mai tsawon mita 3.35, wanda ke da kai mai kama da faifai a ƙarshensa. Da kan ya taɓa dutsen sai aka saki iskar naitrojin da ƙarfi, ta tayar da ƙura da tsakuwa suka shige ciki. Fuskar Bennu ba ta tare shi ba ko kaɗan: kan ya nutse kusan rabin mita kafin injinan ja da baya su fizgo kumbon. Wannan ya tabbatar da cewa Bennu tarin ɓaraguzai ne da ƙarfin jan ƙasa mai rauni ya riƙe.

Ɗibar ta yi yawa har ta zama matsala. Wasu tsakuwoyi sun maƙale a bakin siririn murfin da ya kamata ya rufe kan, samfurin ya riƙa zuba cikin sarari. Aka soke shirin juya kumbon don auna nauyin abin da aka samu, aka gaggauta kulle kan a cikin akwatin dawowa ranar 28 ga Oktoba.

Dawowa

Kumbon ya bar Bennu ranar 10 ga Mayu 2021. Ranar 24 ga Satumba 2023 ya saki akwatin daga nisan kilomita 102,000, akwatin ya shigo iskar duniya da gudun kusan kilomita 44,500 a awa, ya sauka a hamadar jihar Utah. Ƙaramar laimar sauka ba ta buɗe a kan lokaci ba. Bincike ya nuna kalma ɗaya aka yi amfani da ita a kan wayoyi biyu daban a zanen lantarki, sai saƙon da ya kamata ya buɗe laimar ya yanke igiyarta. Babbar laimar ita kaɗai ta ɗauki nauyin, ta kuma isa.

A Cibiyar Johnson ta NASA da ke birnin Houston an buɗe akwatin cikin rufaffen akwatin gilashi mai safar hannu, wanda naitrojin ke gudana a cikinsa ba tsayawa. Nan ma aka yi cirko-cirko: biyu daga cikin kusoshi 35 na kan suka ƙi kuncewa. Ba kowane makami ake yarda ya shiga wurin ba, don haka sai da aka ƙera sababbi da irin ƙarfen aikin tiyata wanda maganaɗisu ba ya ja. An cire kusoshin ranar 10 ga Janairu 2024. Jimillar samfurin ta kama giram 121.6, fiye da ninki biyu na giram 60 da aka yi niyya. Kumbon Japan, Hayabusa2, giram 5.4 ya kawo daga dutsen Ryugu a 2020. An ware aƙalla kashi 70 cikin ɗari don masu bincike na gaba, Kanada ta samu kashi 4, Japan rabin kashi ɗaya.

Abin da aka gano

Sakamakon da aka buga a Janairu 2025 ya nuna samfurin na ɗauke da 14 daga cikin sinadaran amino asid 20 da halittu ke gina furotin da su, da dukkan tubala biyar na DNA da RNA (sinadaran da ke ɗauke da bayanan gadon halitta), da amoniya mai yawa. Wannan ba shaidar rai ba ce. Kayan gini ne kawai. Abin lura, amino asid na da siffa biyu, kamar hannun dama da na hagu. Halittun duniya kusan na hagu kaɗai suke amfani da shi, amma a Bennu an same su kusan daidai wa daida, abin da ya raunana hasashen cewa daga irin waɗannan duwatsu aka gaji fifikon hagu.

Masana ma'adinai kuma sun sami gishirin da ke saura idan ruwan zartsi ya ƙafe, har da gishirin ci da trona, ma'adinin da ke cikin kanwa. Ma'ana, babban dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinsa ya taɓa ƙunsar ruwan gishiri fiye da shekara biliyan 4.5 da suka wuce. A nan tsabtar samfurin ta yi rana, domin irin wannan gishiri laimar iska kaɗai kan lalata shi.

Bin sawun kumbon ya kuma gyara lissafin hanyar Bennu, har da ɗan turin da zafin rana ke yi masa. Yiwuwar ya bugi duniya kafin shekarar 2300 ita ce 1 cikin 1,750, kuma ranar da ta fi haɗari ita ce 24 ga Satumba 2182, da 1 cikin 2,700. Shi kuwa kumbon, an sauya masa suna zuwa OSIRIS-APEX aka nufar da shi dutsen Apophis, wanda zai gifta duniya a nisan kusan kilomita 32,000 ranar 13 ga Afrilu 2029.