Kiyos ɗin da ke ƙofar gidanka, wa ya ba shi lasisi?

Aikina zagayen gida-gida ne tsakanin Nima da Mamobi: awon jarirai, allurar rigakafi, gwajin hawan jini. Wata safiya, daga bakin babbar kwata zuwa gidan wata mai jego, na ƙirga wurare bakwai da ake sayar da giya. Biyu ne kaɗai ke da allo a ƙofa. Sauran kantunan kayan masarufi ne, madara da sukari da burodi a gaba, ledojin giya kuma a rataye bayan labule, kusa da alewar yara.

Idan na ɗauko wannan zance a wurin suna ko biki, amsar da nake samu ɗaya ce: "Mu Musulmi ne, wannan ba matsalarmu ba ce." To, iyayena da 'yan uwana, su wa ke saye? Mai kanti ba ya ajiye hajar da ba ta tafiya. A zongo ba a zama a kan benci da kwalba a gaba, don kunya. Sai dai a sayi ƙaramar leda, a kurɓe a lungu, a tauna cingam, a koma kan okada. Abin da ake yi a ɓoye kuwa sai ya yi nisa kafin ya iso hannunmu, lokacin ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura.

Doka tana nan, kuma ba ta jiya ba ce. Tun 1970 Ghana ke da dokar lasisin giya, wadda ake kira Act 331. Ta ce ba a sayar da giya sai da lasisi, har da akpeteshi, barasar gargajiyar nan wadda Turawan mulkin mallaka suka haramta, aka halatta ta a 1962. Ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ku lura da wannan, domin sau nawa muke ganin babba ya miƙa wa yaro ɗan firamare kuɗi ya ce je ka wurin wance ka karɓo mini saƙo? Yaron ya san saƙon. Tun yana ɗauka a hannu, wata rana zai ɗanɗana.

Hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ita ke yi wa abin sha rajista ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, ita ce kuma ta hana tallar giya a rediyo da talabijin sai daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe kaɗai. Ta hana fitattun mutane yin tallar, aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta goyi bayan hanin a 2024. Duk wannan ya yi kyau, amma ni a ganina talla ba ta kai kusanci illa ba. Wanda sai ya hau trotro kafin ya samu giya, sau da yawa ƙiwa za ta hana shi. Wanda kuwa take jikin bangon ɗakinsa, a kan kuɗin da bai kai na kwanon wake da shinkafa ba, ga bashi ana ba shi, me zai tsayar da shi? Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce giya na kashe mutum kusan miliyan 2.6 a shekara, ta sa rage yawan wuraren sayarwa da sa'o'in buɗewa cikin manyan hanyoyin magance matsalar.

Sai batun bitas, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai rantse maka bai taɓa shan giya ba, maganin basir da ciwon baya yake sha, ko na ƙarfin maza. Malam, juya kwalbar ka karanta. Yawancinsu barasa ce mai ƙarfi aka jiƙa saiwoyi a ciki. Ga ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasar nan, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba. Hantar da ƙwayar cuta ke ci, a ƙara mata barasa kullum, ba ta daɗewa. Idan aka haɗa da tramol kuwa, numfashi ma na iya tsayawa.

Ba ina cewa a tara samari a je a fasa kantin kowa ba. Nima gari ne na kowa da kowa, kuma wanda ke da lasisinsa doka ta ba shi dama. Amma kiyos ko kwantena ba ya zama a bakin hanya sai da izinin Asambili, haka ma buɗe kasuwanci. Nima tana ƙarƙashin Ayawaso East, Mamobi kuma Ayawaso North. Idan wuri yana sayar wa yara, ko ya manne da makaranta, ko kiɗa da faɗa sun hana unguwa barci, ku sami asambiliman ɗinku, ku rubuta takarda mutum goma ko ashirin ku sa hannu, ku kai ofishin tankas. Ku ajiye kwafi. Ƙorafin baki a gindin bishiya ba ya shiga fayil.

Maganar da ta fi wuyar faɗa ita ce ta masu gida. Yawancin kiyos ɗin nan a ƙofar gidajenmu suke, kuma mu ke karɓar haya. Alhaji, Hajiya, kafin ku karɓi kuɗin shekara biyu, ku tambayi abin da za a sayar, ku sa a rubuce.

Wanda kuma ɗansa ko mijinta ya riga ya yi nisa, hannu na rawa da safe sai ya sha, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daina rana ɗaya. Yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. A kawo shi asibiti. Akwai ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin gwamnati, akwai sashen masu fama da shaye-shaye a Korle Bu da Pantang. Idan kunyar layi ce, ku tare ni ranar awo, mu yi maganar a gefe.