Sikeli ba ya auna ƙarfin dattijo

Iyayenmu maza na Damagaram, da yawa daga cikinku idan kun hau sikeli a gidan likita aka ce nauyinku daidai yake, sai hankalinku ya kwanta. Awon da muke yi, wanda ake kira IMC da Faransanci, lissafi ne na nauyi da tsawo: ana raba kilon mutum da tsawonsa a mita, a sake rabawa da tsawon. Mai kilo 65 da tsawon mita 1 da santimita 70 zai samu 22,5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 18,5 zuwa 24,9 a matsayin daidai. Sai dai wannan lissafi ba ya bambanta tsoka da kitse.

Daga shekara 30 tsoka takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan shekara 60 kuma raguwar takan ƙara sauri. Dattijon da ya bar wa ƴaƴansa gona ya koma zaman ƙofar gida da shayi mai sukari, sai ka ga cinya da damtse sun sirance, tumbi ya fito, alhali sikeli bai motsa ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin ƙafar da ta rasa tsoka ita ce ke kayar da mutum a makewayi, karayar ƙugu kuwa ta kwantar da dattijai da dama waɗanda ba su sake tashi ba.

Ku gwada kanku a gida. Ku zauna a kujera, ku rungume hannuwa a ƙirji, ku tashi ku zauna sau biyar. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafa ya ragu. Haka nan idan miƙewa daga sujada ta fara buƙatar dafa bango.

Tsoka tana farfaɗowa ko a shekara 70 idan aka sa ta aiki, aƙalla kwana biyu a mako: ɗaukar bokitin ruwa, ɗan noma, ko wannan tashi da zama. Hura da tuwon hatsi kaɗai ba su isa ba, a haɗa da wake, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai ko fara, amma mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likita. Wanda kuma yake ramewa ba dalili, ya zo a duba shi, domin ciwon suga da tarin fuka ma suna cinye jiki.